Yadda Ake Neman Diyya a Amurka Idan Yankakken Naman Kanti Ya Jawo Cutar Listeriya

A ranar 26 ga Yuli 2024 kamfanin Boar's Head, ɗaya daga cikin manyan masu sarrafa naman sanwic a Amurka, ya fara janye kayansa daga kasuwa saboda gurɓata da ƙwayar cutar listeriya. Bayan kwana huɗu ya faɗaɗa janyewar ta kai nau'i 71, nama sama da tan 3,000, duka daga masana'anta ɗaya a garin Jarratt na jihar Virginia. Lokacin da hukumar CDC mai yaƙi da cututtuka ta rufe lissafi a watan Nuwamba, mutum 61 ne suka kamu a jihohi 19, an kwantar da 60 a asibiti, 10 sun rasu. New York, inda Hausawa da 'yan Zango suke da yawa a Bronx da Harlem, ita ta fi kowace jiha yawan masu ciwon.

Abin da mutumin mu zai fara cewa shi ne, ai mu ba ma cin alade. Gaskiya ne cewa liverwurst, sosej ɗin hantar alade, shi ne tushen matsalar. Amma cikin kayan da aka janye tun ranar farko akwai salami da bolonya na naman shanu. Sannan a kantin deli, inda ake yanka nama da cuku a auna, ko bodega, wato ƙaramin kanti na kan kwana, injin da ya yanka wa wani liverwurst shi zai yanka maka talotalo ko cuku bayan minti biyu, kuma ƙwayar tana zama a jikin wuƙar injin da katakon yanka da hannun ma'aikaci. Don haka wannan bayani ya shafi duk mai sayen yankakken nama mai sanyi, musamman gidan da ke da mai ciki, ko tsohuwar da ta zo zaman jego, ko mai fama da ciwon suga, ƙoda ko daji.

Shari'ar listeriya ba a bakin lauya ake cin ta ba. Ana cin ta ne da hujjar da iyali suka tara a makonnin farko, lokacin da hankalin kowa yana kan gadon asibiti. Shi ya sa matakan farko suka fi tsawo a nan.

Mataki na farko: a tabbatar da cutar a asibiti, a rubuce

Ƙwayar Listeria monocytogenes ta bambanta da sauran masu gurɓata abinci ta fuska biyu. Sanyin firij ba ya hana ta hayayyafa, kuma ba ta gaggawar nuna kanta. Yawanci alamu kan bayyana cikin mako biyu, amma sukan iya kai mako goma. Ga tsoho ko mai raunin garkuwar jiki, abin kan zo da zazzaɓi, ciwon gaɓoɓi, ciwon kai, sanƙarewar wuya, rikicewar tunani, tangal-tangal a tafiya, wani lokaci har da jijjiga, domin ƙwayar ta shiga jini ko ta zama sanƙarau. Ga mai ciki kuwa ba lalle ta ji komai ba sai ɗan zazzaɓi da kasala kamar na mura, alhali abin da ke cikinta yana cikin haɗarin ɓari, ko mutuwa a ciki, ko haihuwar bakwaini. CDC ta ce mai ciki ta ninka sauran mutane sau goma wajen yiwuwar kamuwa.

Ka faɗa wa likita ƙarara cewa mara lafiya ya ci yankakken naman deli, ka ambaci kantin da irin naman, ka roƙi a rubuta haka a fayil. Jimla ɗaya da ma'aikaciyar jinya ta rubuta a daren farko ta fi shaidar da za ka bayar bayan shekara biyu nauyi, domin ba wanda zai ce ka tsara ta don shari'a.

Gwajin da ake bukata shi ne wanda ake ɗibar jini ko ruwan ƙashin baya a shuka shi a ɗakin gwaji har ƙwayar ta tsiro. Gwajin bayan gida ba ya wadatarwa a wannan cuta. A ɗebi jinin kafin a fara maganin kashe ƙwayoyi in da hali, domin da zarar an ɗaura ampicillin ƙwayar na iya ɓacewa daga jini, sai a wayi gari mutum ya sha wahala amma babu abin nunawa. Kada dai a jinkirta magani saboda shari'a, rai ne a gaba. Tambaya ce kawai za ka yi: an ɗebi jinin shuka tukuna?

Ga 'yar uwa da ta yi ɓari ko ta haifi jariri ba rai bayan zazzaɓi, akwai magana mai nauyi. Al'adarmu ce a karɓi mabiyiya a binne ta da wuri. Amma sau da yawa a jikin mabiyiyar ake samun ƙwayar ko da jinin uwar bai nuna komai ba. Ku ce a ɗebi samfuri a gwada kafin a ba ku. Ɗan yanki ake ɗauka, ba zai hana binnewa ba.

Haka idan rasuwa aka yi. Gaggawar jana'iza ba ta rushe ƙara matuƙar an riga an shuka jini ko ruwan ƙashin baya ya nuna listeriya. Abin dubawa shi ne takardar shaidar mutuwa. Idan an rubuta bugun zuciya ko ciwon huhu kaɗai, a koma wurin likitan da ya sa hannu a nemi ya ƙara listeriya cikin musabbaban mutuwar, in dai sakamakon gwaji ya goyi bayan haka. Lauyoyin kamfani sun fi son su ce tsufa ne da tsohon ciwo suka kashe mutum.

Daga nan ka nemi kwafin fayil ɗin gaba ɗaya a rubuce. Dokar HIPAA ta tarayya ta ba mara lafiya ko wakilinsa wannan haƙƙi, kuma asibiti na da kwana 30 ya amsa. Kada ka karɓi taƙaitaccen bayanin sallama kawai. Ka nemi sakamakon ɗakin gwaji, da bayanan ma'aikatan jinya, da hotunan kwakwalwa in an yi, da takardar kuɗi mai nuna kowane abu da farashinsa.

Mataki na biyu: kada a yi wa firij wankan gaggawa

Sanarwar janye kaya kan ce a zubar ko a mayar kanti a karɓi kuɗi. Wannan shawara ce ga gidan da kowa ke lafiya. Idan akwai wanda ya kwanta, ka fara ɗaukar hoto: cikin firij yadda yake, ƙunshin naman gaba da baya, da 'yar takardar da injin awo ya liƙa mai ɗauke da sunan kanti, rana, nauyi da farashi. Idan naman na cikin ledar kamfani ne, ka nemi tambarin binciken ma'aikatar noma ta USDA, wani ɗan da'ira mai lamba a ciki. Wannan lambar ita ke nuna masana'antar da ta yi shi. Ta Jarratt ita ce EST. 12612 ko P-12612, kuma da ita aka riƙa tantance kayan da abin ya shafa.

Sa safar hannu, ka zuba ragowar a leda mai zif, ka ƙara wata a kai, ka rubuta rana da sunan kanti da gargaɗin kada a ci, ka jefa a firiza nesa da sauran abinci. Daskarewa ba ta kashe listeriya, ajiye ta kawai take yi. Bayan haka sai a wanke firij da ruwan zafi da sabulu, a bi da ruwan bilic, babban cokali ɗaya a galan ɗaya na ruwa.

Kada ka ɗauki naman da kanka ka kai wani ɗakin gwaji na kuɗi. Kotu na tambayar hannun da samfuri ya bi tun daga firij har teburin gwaji, kuma idan aka samu giɓi sai a ce a gidanka ya gurɓata. Ka bari hukumar lafiya ta karɓa da takarda, ko lauya ya tsara. Ƙunshin da ba a buɗe ba ya fi daraja nesa ba kusa ba. Wani liverwurst da ba a buɗe ba, wanda ma'aikatan lafiya na jihar Maryland suka ɗauko daga kanti suka gwada, shi ya tona asirin Boar's Head. Idan kuma an riga an cinye ko an zubar, kada ka karaya. Mafi yawan masu ƙara ba su da ragowa.

Mataki na uku: sake gina abin da aka ci

Nan ne aikin yake, kuma nan ne ƙararraki da yawa ke mutuwa. Tunda ciwon kan ɗauki makonni kafin ya fito, abin da aka ci jiya ba shi ne abin zargi ba. Ka zauna da littafi ka koma baya aƙalla mako huɗu daga ranar da zazzaɓi ya fara, in za ka iya ka kai goma. Ba naman deli kaɗai za ka rubuta ba. Ka sa cuku mai laushi, kifi mai hayaƙi, ayis kirim, kankana ko wani ɗan itace da aka sayo a yanke, ganyen salak na leda, madarar da ba a dafa ba. Lauyan kamfani zai tono waɗannan ko ka faɗa ko ba ka faɗa ba, gara lauyanka ya san su tun farko. Ɓarkewar 2011 da ta kashe mutum 33 a Amurka daga wani nau'in kankana na wata gona a Colorado ta fito, don haka ba za a yarda cewa nama ne kawai don ka faɗa ba.

Ƙwaƙwalwa ba ta isa, sai a bi sawun kuɗi. Bayanan banki da katin bashi na wata uku. Tarihin katin EBT ga masu karɓar tallafin abinci. Katin rangwame na manyan kantuna, wanda ya fi komai amfani domin yana riƙe da jerin kowane abu da aka saya da ranarsa, kuma kanti kan bayar idan mai katin ya nema. Tarihin oda a manhajojin kawo abinci. Hotunan waya, da saƙon da aka tura wa yaro cewa ya biya ya sayo sanwic, da tarihin wuraren da wayar ta je in an kunna shi.

Matsalar mutanenmu ita ce tsabar kuɗi. Direban tasi ya tsaya a bodega da asuba, ya miƙa dala shida, ya karɓi sanwic a takarda, babu rasit babu komai. A irin wannan hali ka koma kantin da wuri, ka ɗauki hoton gilashin da ake jera naman yadda sunan kamfani zai fito, ka rubuta adireshi da sunan wanda ya saba yanka maka. Ka rubuta sunayen waɗanda suka san al'adar mara lafiyan, abokin aiki ko maƙwabci. Kada ka yi wa mai kanti barazana ko ka ambaci kotu. Na'urar ɗaukar hoto ta kanti kan goge kanta cikin kwanaki ko 'yan makonni, kuma wasiƙar lauya ce ke sa a adana hotunan tare da takardun sarin kaya.

Idan mara lafiyan yana gidan kula da tsofaffi ko asibiti a lokacin, a nemi jadawalin abincin wurin da sunan mai kawo musu kaya.

Mataki na huɗu: a shigar da hukumar lafiya

Listeriya na cikin cututtukan da doka ta wajabta wa asibiti ya kai rahotonsu. Ƙwayar da aka shuka daga jinin mara lafiya ana tura ta ɗakin gwajin jiha, a karanta tsarin halittarta gaba ɗaya, a ɗora a rumbun PulseNet da CDC ke kula da shi tun 1996. A nan ake kwatanta ta da ƙwayoyin sauran marasa lafiya da waɗanda aka samu a abinci ko a masana'anta. Kamar zanen yatsa ne: idan ta jikin mahaifinka ta yi daidai da ta cikin naman, kusan gardama ta ƙare.

Kada ka ɗauka an tura. Ka kira ɗakin gwajin asibiti ka tambaya ko an aika samfurin ga jiha, ka kira sashen lafiya na birni ko gunduma ka nemi lambar fayil. Ma'aikacinsu zai kira da doguwar takardar tambayoyi kan abin da aka ci cikin wata guda kafin ciwon. Ka amsa da littafinka a gaba, abin da ba ka tuna ba ka ce ba ka tuna ba, domin wannan takarda za ta fito a shari'a. Ba ruwansu da takardun zama, aikinsu cuta ne. In Turanci na ba ka wahala ka nemi tafinta. Daga baya ka nemi amsa a rubuce kan ko an lissafa mara lafiyanka cikin ɓarkewar. Za ka iya kuma kai ƙorafi kan nama ko kaji ga USDA ta lamba 1-888-674-6854.

Wanda ya zo ziyara ya koma Kano ko Yamai ko Kumasi sannan ciwon ya tashi, ya gaya wa likita inda ya fito da abin da ya ci, ya nemi a shuka jini a babban asibitin koyarwa, kuma a roƙi ɗakin gwajin ya adana ƙwayar kada a zubar. Ba tare da ita ba, haɗa ciwon da wani kanti a Amurka zai yi wuya ƙwarai.

Mataki na biyar: lissafa wa'adi

Kowace jiha na da iyakar lokacin shigar da ƙara, kuma idan ya wuce, komai ƙarfin hujja an rufe ƙofa. A New York shekara 3 ne ga wanda ya yi ciwo ya rayu, shekara 2 daga ranar rasuwa ga ƙarar mutuwa. Wato iyalin da suka yi rashi a Agusta 2024 wa'adinsu Agusta 2026 ne. Virginia da New Jersey da Illinois da Texas shekara 2 suke bayarwa, Maryland 3, Tennessee da Kentucky kuwa shekara 1 tak ga mai rauni. Jihohi da yawa kan dakatar da agogo ga ƙaramin yaro, amma ba ga kuɗin da iyayensa suka kashe ba. Idan asibitin gwamnati ko wata hukuma na cikin waɗanda za a zarga, sanarwar farko na iya zama cikin kwana 90 kacal, kamar yadda yake a New York. Tattaunawa da kamfanin inshora ba ta tsayar da agogo.

Mataki na shida: lauya

Ba lauyan takardun zama ba, ba kuma na haɗarin mota da ke talla a jirgin ƙasa ba. Ka nemi wanda ya taɓa riƙe ƙarar gubar abinci, ka tambaye shi kai tsaye: ƙarar listeriya nawa ka yi, wane masanin yaɗuwar cututtuka kake aiki da shi, kai za ka riƙe fayil ɗin ko wani za ka miƙa wa? Ka duba lasisinsa a shafin hukumar lauyoyi ta jihar. Ganawar farko kyauta ce, ka ga biyu ko uku kafin ka zaɓa.

Ba a biyan irin waɗannan lauyoyi a gaba. Kaso suke ɗauka daga abin da aka samu, yawanci kashi ɗaya cikin uku, wani lokaci har 40 cikin 100 idan an kai ga zaman kotu. Abin da ya kamata ka ƙura wa ido a yarjejeniyar shi ne kuɗin ɗawainiya, na masana da kwafin takardu da tafiye-tafiye. Ga misali na lissafi kawai: an sasanta kan dala 300,000, ɗawainiya ta ci 20,000. Idan aka cire ɗawainiya tukuna, kason lauya na ɗaya cikin uku 93,333 ne. Idan ya fara ɗaukar kasonsa, 100,000 ne. Kalma ɗaya a takarda ta ci maka kusan dala 6,700. Ka kuma tambaya wa zai biya ɗawainiyar idan aka faɗi.

Rashin takardun zama ba ya hana mutum shigar da ƙarar rauni a kotunan Amurka. Amma ka gaya wa lauyanka gaskiyar matsayinka, da aikin da kake yi a biya ka a hannu, domin zai shafi yadda za a lissafa asarar albashi. Abin da ka faɗa masa sirri ne da doka ta kare.

Daga ranar da ka ɗauki lauya, duk wanda ya kira daga kamfani ko inshora ka ba shi lambar lauyan. Kada ka yarda a naɗi muryarka, kada ka sa hannu a komai, ko da takardar karɓar ɗan kuɗin jaje ce. A daina baza labarin a Facebook da zaurukan WhatsApp, amma kada a goge abin da aka riga aka rubuta, domin gogewa laifi ce a idon kotu.

Mataki na bakwai: wa ake ƙara, kuma da wace hujja

A mafi yawan jihohi ba sai ka nuna kamfani ya yi sakaci ba. Ya isa ka nuna kayansa gurɓatacce ne lokacin da ya bar hannunsa, kuma shi ya jawo ciwon. Dokar tarayya ba ta yarda da listeriya ko kaɗan a naman da ake ci ba tare da an sake dafawa ba, samunta kawai ya sa naman ya zama haramtaccen kayan sayarwa. 'Yan jihohi, ciki har da Virginia da North Carolina, ba su bin wannan ƙa'ida, can sai a bi ta hanyar sakaci ko saɓa alkawarin da ke tattare da kowane ciniki cewa abinci ya dace da ci. Ma'aunin hujja a ƙarar diyya rinjaye ne kawai, ba irin tabbacin da ake nema a shari'ar laifi ba.

Duk da haka hujjar sakaci na ƙara nauyin ƙara, kuma ita ke buɗe ƙofar diyyar ladabtarwa. Takardun masu binciken gwamnati da aka fitar ta dokar 'yancin samun bayanai sun nuna saɓa ƙa'ida sau 69 a masana'antar Jarratt cikin shekara guda kafin janyewar: funfuna a bango, ƙwari, ragowar nama a jikin injina, ruwa na ɗiga daga rufi, jini kwance a ƙasa. A Satumba 2024 kamfanin ya sanar da rufe masana'antar tare da daina yin liverwurst gaba ɗaya. A ganina abin da ya fi ɗaure kai shi ne yadda aka yi ta rubuta waɗannan laifuffuka wata bayan wata ba tare da an tsayar da aiki ba. Sai dai ƙarar gwamnati kan gazawar bincike hanya ce mai ƙaya, lauyoyi ba su cika bin ta ba.

Ban da masana'anta, ana iya haɗawa da dillali da kantin da ya sayar. New York na ɗora alhaki kan duk wanda ke cikin jerin cinikin, wasu jihohi kuwa suna kare mai kanti sai in shi ma ya yi sakaci, misali ya ci gaba da sayarwa bayan sanarwa ko bai wanke injin yanka ba. Wani lokaci kantin ne kaɗai ake da shi. A ɓarkewar 2022 da ta kama mutum 16 a jihohi 6, an samu ƙwayar a wani kantin deli a Brooklyn amma ba a gano kamfani guda da ya zama tushe ba.

Mataki na takwas: ƙarar taron dangi ko taka kai kaɗai

Kada a ruɗe ka da irin sanarwar da kan yi yawo cewa a cika fom a karɓi kuɗi. Ƙarar haɗin gwiwa ta masu sayen kayan Boar's Head an sasanta ta kan dala miliyan 3.1, kuma manufarta mayar da kuɗin nama ne ga waɗanda suka saya. Wanda ya kwanta a ɗakin kulawa ta musamman ko ya rasa uwa ba nan ne wurinsa ba, ƙarar kansa zai shigar. Kafin ka cika kowane fom, lauya ya karanta sashen da ke cewa ka yafe haƙƙi.

A wasu ƙasashe marasa lafiyan kansu ta haɗin gwiwa suke bi. A Kanada, bayan naman Maple Leaf Foods ya kashe sama da mutum 20 a 2008, an sasanta cikin 'yan watanni kan kuɗin da ya kai dalar Kanada miliyan 27. A Afirka ta Kudu kuwa, inda poloni, wani nau'in sosej na masana'antar Enterprise ta Tiger Brands a Polokwane, ya haddasa ɓarkewa mafi girma da aka taɓa gani a 2017 da 2018, da mutum sama da 1,000 da suka kamu da sama da 200 da suka rasu, kotu ta amince da ƙarar haɗin gwiwa a Disamba 2018, amma iyalai suka shafe sama da shekara shida suna jira.

Mataki na tara: lissafin asara

Buɗe jaka ɗaya ka riƙa jefa komai: takardun asibiti, rasit ɗin magani, kuɗin mota da fakin, takardar albashi kafin ciwo da bayansa, wasiƙar wurin aiki kan ranakun da aka rasa, kuɗin mai jinya a gida. Wani daga cikin iyali ya riƙa rubuta halin da ake ciki kowane mako da kalmomi masu sauƙi: yau bai gane jikarsa ba, yau ta kasa tsayuwar salla sai a zaune. Sanƙarau na listeriya kan bar kurumta ko mantuwa ko shanyewar wani sashe, jariri kuma ba a sanin iyakar illarsa sai ya fara girma. Kada a yi gaggawar sulhu kafin likitoci su faɗi inda jikin zai tsaya, domin sa hannu ɗaya ake yi, ba a dawowa.

Idan an yi rashi, akan ji masu cewa ƙaddara ce, a bar wa Allah. Ƙaddara ce kam, amma diyyar kisan kuskure tana cikin Suratun Nisa'i aya ta 92, kuma ba daidai ba ne babban wa ya yafe haƙƙin marayu don kunyar shiga kotu. Kafin a shigar da ƙara sai kotun gado ta naɗa wakilin dukiyar mamaci, kuma wannan kan ci makonni ko watanni daga cikin wa'adin.

Abin da ake biya ya danganta da jiha. New York asarar kuɗi take lissafawa ga magada, ba baƙin cikinsu ba, sai kuma wahalar da mamacin ya sha kafin cikawa. Majalisar jihar ta sha zartar da ƙudurin gyara wannan, Gwamna Kathy Hochul ta yi ta ƙin sa hannu. Saboda haka rasit ɗin kuɗin da marigayi ke turawa gida duk wata ya zama hujja mai tsada, domin mata da 'ya'ya da iyayen da ke Najeriya ko Nijar ko Gana na iya shiga cikin masu haƙƙi. A tattara takardar aure da ta haihuwar yara, a fassara su a hukumance. Idan mata fiye da ɗaya ne, ko auren ba shi da takarda, a faɗa wa lauya a zaman farko. Kotu dokar jiha za ta bi wajen rabo, ba ƙa'idar gadon Musulunci ba, don haka iyalin da ke son daidaita rabonsu su haɗa malami da lauya tun kafin kuɗi su fito. Game da cikin da ya zube, wasu jihohi na karɓar ƙarar mutuwar ɗan tayi, wasu ciki har da New York ba sa karɓa, amma uwar na da ƙarar kanta kan ciwon da ta sha.

Mataki na goma: bayan an shigar

Sai haƙuri, shekara ɗaya zuwa uku ba abin mamaki ba ne. Ɓangarorin za su yi musayar takardu, za a tono tarihin lafiyar mara lafiyan na shekaru, likitan kamfani na iya duba shi. Za a kira ka ofishin lauya ka amsa tambayoyi bisa rantsuwa ana rubutawa, a kotun tarayya iyakarsa awa bakwai a yini ɗaya. Ka nemi tafintan Hausa ƙwararre, ba ɗanka ko abokinka ba. Ka amsa abin da aka tambaya kaɗai, kada ka yi kintace, kuma kada kunya ta sa ka ce da sauƙi alhali ba sauƙin. Wannan amsar tamu ta gaisuwa, idan ta shiga takarda, ana karanta ta ne a matsayin shaida cewa ka warke.

Mafi yawan ƙararrakin nan a teburin mai shiga tsakani suke ƙarewa, da sharaɗin kada a bayyana adadin kuɗin. Karɓa ko ƙi naka ne, ba na lauya ba. Kafin ka amsa, ka nemi a rubuta maka abin da zai shigo hannunka bayan an cire komai, domin Medicare da Medicaid, wato tsare-tsaren inshorar lafiya na gwamnati, da sauran inshorar lafiya duk suna da haƙƙin a mayar musu da abin da suka kashe, kodayake lauya nagari kan sa a rage. Diyyar raunin jiki ba a biyan harajin tarayya a kanta, amma ta ladabtarwa da kuɗin ruwa ana biya. Kason yaro sai alƙali ya amince, kuma akan kulle shi a asusu har ya kai shekara 18. Wanda ke karɓar Medicaid ko SSI, tallafin kuɗi na tsofaffi da naƙasassu masu ƙaramin ƙarfi, kuma, shigar kuɗi masu yawa asusunsa lokaci guda na iya yanke masa tallafin, don haka a tambayi lauya batun asusun amana na masu bukata ta musamman, a buɗe shi kafin a rubuta cek ɗin.